Yadda za ka samu amintaccen bakanike ya duba maka tsohuwar motar tsere kafin ka saya

A manyan gidajen Malali da Unguwar Rimi a Kaduna ba a rasa tsofaffin motocin nan masu ƙofa biyu, an lulluɓe su da tamfol shekara da shekaru. Wata Marsandi SL ce ƙirar R107, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1989, wata Datsun 240Z, jefi-jefi a ci karo da Porsche 911. Ranar da magada suka fito da irinta kasuwa an wanke ta tana sheƙi, sai ka ji hannunka ya nufi aljihu. Dakata tukuna. Sai wanda ya san motar ya duba ta, kuma ya zama kai ka nemo shi, kai za ka sallame shi.

Abu na farko, raba mai dubawa da dillali. Dillali la'ada yake jira, ba ya ganinta sai ciniki ya faɗa. Idan ya ce, "Alhaji, akwai yaronmu nan kusa, yanzu zai duba maka," yi masa godiya ka wuce. Shi ma bakaniken da ya saba gyara wa mai motar, saurari labarinsa, amma kada ka zaci zai kushe aikin hannunsa.

Sai neman naka. Fara da masu irin motar: wa ke taɓa musu ita? Idan mutum biyu da ba su san juna ba suka kira suna ɗaya, je ka ga garejinsa. Kaduna ta yi dace ta wannan fanni, don tun 1975 kamfanin Fijo ya soma harhaɗa 504 a Kakuri, garin ya tara dattawan kanikawa da suka tashi da kafireta a hannu. Sai dai ƙwarewa a Fijo daban, sanin tsarin feshin mai na Bosch K-Jetronic da ke jikin 911 SC daban. Yaran zamani masu kwamfuta kuwa, ramin da suke jona na'urarsu sai a 1996 ya zama dole a Amurka, motar 1980 ba ta da shi.

Ni tambaya ɗaya nake yi: "Maigida, ta ina wannan motar ta fi ruɓewa?" Wanda ya san R107 zai nuna maka bangon da ya raba inji da cikin mota, ƙarƙashin gilashin gaba, inda ruwa ke kwanciya wajen fankar hita. A 240Z zai ce ƙarƙashin batir da ƙarafan da suka tallafi daɓe. A 911 zai fara tambayarka shekara, saboda daga ƙirar 1976 ne aka soma kare dukan bodin daga tsatsa. Idan Marsandi 380SL ce 'yar Amurka ta 1981 zuwa 1983, ya kamata ya tayar da maganar sarƙar taimin mai layi ɗaya, ko an sauya ta da mai biyu. Wanda ya ce "ai mota duk mota ce", ba shi kake nema ba.

Ku yanke kuɗin aiki tun kafin a je, ka saya ko ka fasa abinsa ɗaya ne. Kada ka yi masa alkawarin gyaran motar, don daga nan shi ma ya shiga sahun masu son ciniki ya faɗa. Ya rubuta abin da ya gani, ya ɗauki hotuna.

Ranar dubawa ku yi sammako, ka roƙi kada a tayar da motar kafin ku iso. Ɗora hannu a kan inji. Idan da ɗumi, an riga ku, kuma ƙarar da take yi da sanyin safiya ta wuce ku. Shuɗin hayaƙi baƙin mai take ci. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga, a zargi gasket. Ya cire fulogogi ya auna matsin kowace silinda. Idan tazarar ta haura kashi 10 cikin 100, akwai magana.

Dole a ɗora ta kan rami, kuma ka zo da mai gyaran bodi. Inji ana sake shi, amma ruɓaɓɓen ƙashin mota shi ke cinye dukiya. Ya naɗe mayen ƙarfe a tsumma ya bi gindin ƙofofi da bakin tayoyi. Inda ya ƙi kamawa, fila aka cusa aka fesa fenti. A ɗaga kafet, a haska tocila, a ƙwanƙwasa. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashi abin zargi ne, musamman motar da ta fito daga arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara.

Daga nan tuƙi. Ku shiga cunkoson Kawo ku ga ko allurar zafi za ta hau, sannan ku miƙe hanyar Zariya a gwada giya da birki da sitiyari.

Takardu kada a bar su sai ƙarshen ciniki. Lambar da aka buga a jikin shasi ta dace da ta takardar kwastam da ta mallaka, harafi da harafi. Lamba mai gurbi 17 daga 1981 ta zama ƙa'ida, don haka idan ta tsohuwa ta fi gajarta ba laifi ba ne. Mitar nisan tafiya mai gurbi biyar tana komawa sifili bayan 99,999, rasidan gyara sun fi ta gaskiya. Idan motar gado ce, a samu yardar dukan magada a rubuce, da shaidu.

Da rahoto a hannu, tambayi farashin kowane kayan gyara da ya lissafa. Wasu za a samu ko a ƙera a kasuwar Panteka, wasu sai an yi odarsu da dala. Haɗa jimillar ka cire daga tayinka. Mai motar da ya hana a kai ta rami, ko ya ce sai ka ba da kafin alƙalami kafin a buɗe bonet, kada ka ajiye masa ko sisi.