Darasi na Bakwai: Sayen Gona ta Hannun Ƙungiyar Gama Kai

Gona ta yi tsada, musamman wadda ke bakin titi ko kusa da ruwa. Abin da mutum ɗaya ba zai iya saya ba, mutum ashirin za su iya idan sun haɗa kuɗi. Shi ya sa manoma ke kafa ƙungiyar gama kai su sayi fili babba, su raba ko su noma tare. Amma kuɗin taro yana da saurin jawo rigima, kuma yawancin rigimar daga takarda take tasowa.

Kafin a je ganin gona, a fara duba ƙungiyar kanta. Tana da rajista? A dokar ƙungiyoyin gama kai ta Nijeriya ta 1993, mutum goma ne mafi ƙarancin waɗanda za su kafa ƙungiya, kuma ana yin rajistar a ofishin kula da ƙungiyoyin gama kai na jiha. Ƙungiya mai rajista tana iya mallakar fili da sunanta, ta kai ƙara, a kai ta ƙara. Wadda ba ta da rajista kuwa, dole a rubuta sunan wani mutum a takardar ciniki, galibi shugaba. Ko da shugaban mai amana ne, ran da ya rasu magadansa sunan mahaifinsu za su gani a takarda, ba naku ba.

Wane ne mai ƙasa?

Tun 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe amana a madadin jama'a. Saboda haka abin da kuke saya haƙƙin zama da amfani ne. A birni gwamna ke ba da wannan haƙƙi. A karkara ƙaramar hukuma tana ba da shi bisa al'ada, har hekta 500 domin noma ko hekta 5,000 domin kiwo. Abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna.

To ina mai unguwa da dagaci da hakimi? Kada ku tsallake su. Su ne suka san tarihin gonar: ta gado ce, aro ce, ko jingina aka yi. Sun san inda burtali ya bi, da inda gwamnati ta taɓa yin alama. Sa hannunsu shaida ce mai ƙarfi, sai dai ba ta maye gurbin takardar hukuma.

Gonar gado ita ce ta fi bukatar haƙuri. Idan ba a raba gadon ba, babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa, balle na mata da marayu. Ku nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kuwa kowane magaji ya sa hannu. Dillali zai ce muku "ai duk sun yarda", domin shi la'adarsa yake jira. Ku ji daga bakinsu.

Takardun da za ku riƙe

Ta farko ita ce yarjejeniyar ciniki. A cikinta a rubuta sunan mai sayarwa, sunan ƙungiya kamar yadda yake a takardar rajista, kuɗin da aka biya da lambobi da kuma kalmomi, kwanan wata, da maƙwabtan gonar gabas da yamma, kudu da arewa. Shaidu su sa hannu. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa, amma sai an karanta masa da Hausa ya ji. Rasit kaɗai bai isa ba, don rasit kuɗi yake nunawa, ba ya nuna iyaka.

Iyaka aikin safiyo ne. Shi zai auna gonar, ya kafa turakun siminti masu lamba a kusurwoyi, ya zana taswira. A ranar awo ku gayyaci maƙwabta su tsaya. Itacen ɗorawa ko layin gamba da kakanni suka sa iyaka da shi yana iya bushewa ko a sare shi. Ku kuma lura da ma'auni: hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi. Wanda aka sayar wa eka goma yana zaton hekta goma ce, bai samu ko rabin abin da yake tsammani ba.

Daga nan sai takardar shaidar mallaka, wadda ma'aikata ke kira C of O. Yawanci wa'adinta shekara 99 ne, kuma ita bankuna suka fi karɓa idan ana neman rance. Idan mai sayarwa ya nuna muku tasa, ku ɗauki lambarta ku je ofishin filaye, irin su KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, a bincika ko ta gaske ce, ko an jinginar da ita a banki. A yi binciken kafin biya. Bayan ciniki kuma sai an nemi amincewar gwamna kafin haƙƙin ya koma sunan ƙungiya.

Akwai takarda ta cikin gida da mutane ke mantawa da ita. Babbar takarda sunan ƙungiya take ɗauke da shi, to kai ina naka? Sakatare ya buɗe littafi, ya rubuta abin da kowa ya zuba da rabon da ya samu, a ba kowa takardarsa mai hatimin ƙungiya. A kuma rubuta tun yanzu abin da za a yi idan wani ya rasu ko yana son sayar da rabonsa. Asalin takardu su zauna wuri ɗaya amintacce, kowane memba ya riƙe kwafi.

Aikin yi

Ƙungiya mai mutum 20 ta sayi hekta 10 a kan naira 6,000,000, kowa ya zuba daidai. Nawa kowa ya biya, kuma nawa ne rabonsa na fili? Bayan haka, rubuta sunayen maƙwabtan gonarka na ɓangarori huɗu, ka kawo aji mako mai zuwa.