Kurakuran da aka fi yi wajen kwatanta kifin shak da dodon koɗin teku

Kuskuren farko shi ne haɗa su gida ɗaya don kawai ruwan gishiri ya haɗa su. Shak kifi ne mai ƙashin baya, ajinsa Chondrichthyes, wato kifayen da ƙashinsu guringuntsi ne. Dodon koɗin teku marar ƙoƙo kuwa ba shi da ƙashin baya ko kaɗan. Ɗan gidan Mollusca ne, ajin Gastropoda, ɗan'uwan dodon koɗin da ke fitowa da damina. Rashin ƙoƙon kada ya ruɗe ka: yawancinsu da shi ake ƙyanƙyashe su, sai su yar da shi idan sun fara girma, wasu kuma nasu yana ɓoye cikin tsoka.

Wanda ya fi ɓata aiki shi ne tambayar "wane matsayi shak yake a jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa?" Shak ya haura iri 500, dodon koɗin nan kuma reshensa guda, Nudibranchia, ya kai iri 3,000. Ƙungiyar IUCN, mai auna haɗarin ƙarewar halittu a duniya, iri-iri take tantancewa, don haka sai ka nemo sunan kimiyya tukuna. Shak ɗin Rhincodon typus, babban cikin kifayen duniya, yana matakin EN tun 2016, ma'ana yana fuskantar ƙarewa. Sphyrna lewini mai kai kamar guduma yana CR, mataki mafi muni kafin a rasa dabba a muhallinta. Wasu kuwa suna LC, babu fargaba a kansu. Binciken 2021 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na shak da danginsa suna cikin barazana, galibi saboda yawan kamu.

Daga nan sai ɗalibi ya duba dodon koɗi, bai gan shi a jerin ba, ya rubuta "yana lafiya". A'a. Yawancinsu NE ne, ba a tantance su ba sam. DD kuma an duba ne, bayanai ba su isa ba. Rubuta haka yadda yake.

Dalilin bambancin ma a kan manta da shi. Shak yana daɗewa bai balaga ba, 'ya'yansa kaɗan, shi ya sa yawan kamu ke ƙarar da shi da wuri. Dodon koɗin teku galibi mata-maza ne, yana zuba dubban ƙwai, yawanci bai wuce shekara a duniya.

Kada kuma a cakuɗa IUCN da CITES. Ta farko auna haɗari take yi, ba ta da doka. Ta biyu yarjejeniya ce kan cinikin dabbobi da tsirran daji zuwa ƙetare, wadda a taron Panama na 2022 ta sanya ƙarin ire-iren shak ƙarƙashin dokar lasisi.