Kurakuran da ɗalibai ke ta maimaitawa a gasar tsara zama a duniyar Mars

Shekara ta uku ke nan ina duba kundayen ɗaliban jami'a masu shiga gasar tsara matsuguni a duniyar Mars, kuma wallahi na gaji da ganin abu ɗaya. Shafin farko zane ne mai ɗaukar ido: ƙubbar gilashi, lambu kore shar, mutane na yawo ko hula babu. Ka tambayi yawan oksijin da mutum ɗaya ke buƙata a rana, sai a shiga kallon-kallo.

Ni ma a nan na sha ƙasa. Ina ɗalibi, ƙungiyarmu ta ɗora garin gaba ɗaya a kan sola. Muka yi lissafi da hasken rana irin na nan gida, muka manta cewa wanda ke isa Mars bai kai rabinsa ba, kusan kashi 43 cikin ɗari ne. Wani dattijo cikin alƙalai ya bari na gama zuba, ya cire tabarau, ya ce, "Ɗana, in ƙura ta rufe rana wata biyu, wa zai kunna maka injin iska?" Na buɗe baki, ba amsa. Wahalar wata huɗu ta tafi a tambaya guda.

Abin takaicin, mu da muka san hazo! Duk mai sola a Kano ya san yadda batir ke saurin mutuwa da hunturu in ba a goge faranti ba. Ƙurar Mars kuwa ta wuce nan. A 2018 guguwa ta lulluɓe duniyar baki ɗaya, motar bincike Opportunity mai amfani da sola da ta yi shekara 14 tana aiki a can ta yi shiru har yau. Na'urar bincike InSight ma ƙura ce ta cinye mata wuta a ƙarshen 2022. Motocin bincike Curiosity da Perseverance ba ruwansu, don da makamashin nukiliya suke aiki. Tun daga ranar da dattijon nan ya yi min tambayar, ba na taɓa zane sai na lissafa wutar makon da ya fi kowanne duhu, kuma ɗalibin da ya kawo min hanyar wuta ɗaya tilo, kundinsa nake miƙa masa ya koma.

Na biyu shi ne cakuɗa ma'auni. Wannan ya kwafo adadi daga shafin Amurkawa da fam, wancan ya haɗa da kilo, ba wanda ya duba. Haba jama'a! A 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter sukutum saboda wani ɓangare ya yi lissafi da ma'aunin fam, ɗaya kuma da na mita da kilo. In manya sun faɗa wannan rami, kai wane ne? Ni da jan biro nake rubuta ma'auni gefen kowace lamba, sannan in ba wanda bai sa hannu a lissafin ba ya bi layi-layi. Wasu na cewa ɓata lokaci ne. Su ta shafa.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin maki. Kada ka shuka tumatir kai tsaye a ƙasar Mars, akwai gishirin faklorat mai guba da na'urar Phoenix ta gano a 2008, sai an wanke ta. Kada ka rubuta cewa likita zai jagoranci tiyata daga nan, saƙo kan ɗauki har minti 22 kafin ya isa, amsa ma haka. Kayan gyara ba sa zuwa ranar da ka so, damar harba kumbo daga nan zuwa Mars sai bayan kowane wata 26. Gilashin nan da kuke ƙauna ba ya tare hasken da ke illata jiki, ku binne ɗakin kwana a ƙarƙashin ƙasa.

Sai masu rubuta "za mu samar da oksijin kamar MOXIE" su wuce abinsu. Na'urar nan ta gwajin samar da oksijin da ke jikin Perseverance giram 122 ta samar a gwajinta 16 gaba ɗaya. Mutum ɗaya na buƙatar sama da giram 800 a rana. Ninka wannan da yawan mutanen garinka, ka nuna min girman injin da wutar da zai ci, sannan ka kawo zanen ƙubbar mu gani.