Yadda za ka tura wa kwastomominka imel a lokaci ɗaya

Idan kana da shago a Kantin Kwari, ba sai ka bi kwastomomi ɗaya bayan ɗaya ba.

Da farko ka sauke Thunderbird, wato manhajar aikawa da karɓar imel, daga thunderbird.net, kyauta ce. Ka girka ta a kwamfutarka lokacin da aka kawo wuta. Buɗe ta, rubuta sunanka, adireshin imel da kalmar sirri.

Daga nan shiga Address Book, wato wurin ajiye adireshi, ka haɗa sabon rukuni, ka sa masa suna, misali Masu Atamfa, ka zuba adireshinsu.

Don Allah ka kula wajen turawa: sa rukunin a Bcc, wato gurbin da ke ɓoye adireshin waɗanda aka tura wa, kada ɗan kasuwar Damagaram ya ga adireshin na Maiduguri, domin amana suka ba ka. Gmail na kyauta kuwa iyakarsa mutum 500 a rana.