Yadda Ake Kama Kifi Mai Ratsi a Teku da Tanar Roba ta Ruwan Daɗi

Tanar roba da ake sayarwa a shagunan kayan su na Amurka, asali don kifin tafki da kogi aka yi ta. Nick Creme ne ya fara zuba ta a jihar Ohio a 1949. Amma masuntan gaɓar tekun Atlantika ta Amurka sun daɗe da gano cewa kifin nan mai ratsi, wanda suke kira striped bass, ba ruwansa da abin da aka rubuta a jikin leda. Daga mashigin Chesapeake zuwa Montauk da Cape Cod, yana hadiye ta kamar yadda yake hadiye abincinsa na kullum. Slug-Go, wata irin tanar roba ta kamfanin Lunker City da ke jihar Connecticut, da kifin tafki aka fara ta, yau kuwa da wuya ka buɗe jakar mai su a bakin tekun yankin ba ka gan ta ba.

Dalilin a fili yake. Abincin kifin nan da yawa dogaye ne sirara: tsutsar yashi, ƙananan kifayen da ke nutsewa cikin rairayi, da kifin nan mai siffar maciji da ke yawo da dare. Robar kanta ba ta da matsala da gishiri. Abin da ke ba mutum kunya shi ne ƙugiya da zare da nauyin da ya taho da su daga tafki.

Fara da ƙugiya

Siririyar ƙugiyar ruwan daɗi tana da aibi biyu a teku. Tsatsa tana cin ta cikin kwana ɗaya ko biyu idan ba a wanke ba, kuma kifi mai kilo 5 da ya samu igiyar ruwa a bayansa zai iya miƙar da ita. Sayi mai kauri wadda aka yi wa rufin hana tsatsa. Tana mai inci 5 zuwa 6 tana son lamba 3/0 zuwa 5/0. Mai inci 9 tana son 7/0 ko 8/0. Duba faɗin bakin ƙugiyar: ya kai kamar ninki biyu na kaurin robar. In ya gaza haka, idan kifi ya kama, robar za ta dunƙule ta cike bakin, tsinin ya kasa shiga nama.

Sanda mai ƙafa 7 zuwa 8, matsakaiciyar ƙarfi, ta isa a mashigi da bakin kogi. Zare kuwa tufkakke mai ɗaukar laba 20 zuwa 30, wato kilo 9 zuwa 14, sannan a ƙulla masa guntun fulorokabon (zaren roba mai wuyar gani a ruwa) mai irin wannan ƙarfi, tsawon santimita 60 zuwa 90. Wannan guntun ne ke jure gogar duwatsu da kaifin murfin kunnen kifin. A wurin ƙugiya yi ƙulli mai ɗan zobe maimakon wanda ya shaƙe, don robar ta samu sakewar karkaɗawa.

Hanyoyin soka ta

Ta farko ita ce ba dalma ko kaɗan, kuma ita ta fi daɗin aiki a ruwan da bai wuce mita 2 ba. Soka tsinin a tsakiyar hancin robar kamar rabin santimita, ka fito da shi ta ƙasa. Ja robar har ta hau wuyan ƙugiya, ka juya ƙugiyar. Kafin ka soka na biyu, jingina ƙugiyar a gefen robar ka ga daidai inda lanƙwasarta ta faɗo, ka sa babban yatsa a wurin, sannan ka huda. Tsinin ya fito ya kwanta a bayan robar. Inda akwai ciyawar ruwa, ɗan cusa bakinsa ƙarƙashin fatar robar kaɗan.

Nan ne yawancin mutane ke ɓata aiki. Ɗaga robar ka riƙe zaren, ka dube ta. In ta ɗan karkace ko da kaɗan ne, cire ka sake. Karkatacciyar tana jujjuyawa take yi a ruwa, ta murɗe maka zare, kifi kuma ya biyo ta ya juya. Ɗigon gam mai saurin kamawa a hanci yana hana ta zamewa duk lokacin da aka yi jifa da ƙarfi.

Ta biyu ita ce ƙugiya mai kan dalma, don zurfi da ruwa mai gudu. Giram 3.5 zuwa 7 a ruwa mai sanyin tafiya, giram 14 a matsakaici, giram 21 zuwa 28 a mashigi mai ƙarfi ko ƙarƙashin gada. Zaɓi mafi ƙarancin nauyin da zai kai ka kusa da ƙasa. In kana jin dalmar tana jan yashi kowane lokaci, ta yi nauyi. In ka yi jifa uku ba ta taɓa ƙasa ba, ƙara.

Akwai ta uku, a soka ƙugiya a tsakiyar tanar a bar kai da wutsiya suna lilo. Da Senko, wata tanar roba ta kamfanin Gary Yamamoto, aka fi yin haka, don gishirin da aka cuɗa a jikinta yana sa ta nutse a kwance tana rawa. Tana aiki kusa da ginshiƙan gada da wurin ɗaure jiragen ruwa idan ruwa ya lafa. Da zarar igiya ta tashi, bar ta, don naɗewa take yi. Senko kuma ba ta da ƙwari, kifi ɗaya ko biyu sun yage ta. Zoben roba a tsakiya, a saƙala ƙugiyar a jikinsa, yana ƙara mata kwana.

Ka tuna ruwan gishiri ya fi na daɗi ɗaukar kaya, don haka roba ɗaya ta fi jinkirin nutsewa a teku. In kana son ta ɗan sauka ba tare da ka sauya ƙugiya ba, cusa siririn ƙusan dalma mai giram 1 ko 2 a cikinta, a tsaye daidai tsakiya.

Lokaci da wuri

Kifin nan ɗan kwanton ɓauna ne, kamar giwan ruwa. Yana fakewa bayan dutse ko ginshiƙi, ko inda rami ya fara, kansa na fuskantar igiya, yana jiran abin da ruwa zai kawo. Saboda haka teku mai motsi ake nema. Teku yana cika yana janyewa kullum. Awa biyu bayan ruwa ya fara janyewa, bakin ƙoramar da ke fitowa daga fadamar gishiri wuri ne mai kyau, don duk abin da ke ciki ta nan zai fito. Asuba, magariba da dare sun fi rana tsaka nesa ba kusa ba. Ya fi cin abinci idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 13 da 20 a ma'aunin Salsiyas.

A watan Mayu zuwa Yuni, a tafkunan gishiri na Rhode Island irin su Ninigret, wasu ƙananan tsutsotsi jajaye suna fitowa daga laka su hau saman ruwa don hayayyafa. Kifi yakan taru a kansu har ya ƙi kallon komai. A nan yanke tanarka ta koma inci 2 zuwa 3, ja ko ruwan hoda, ƙaramar ƙugiya ba dalma, ka ja ta a hankali a saman ruwa. Jefa a gefen taron, inda tsutsar gaske ba ta yi yawa ba.

Sauran lokuta launi uku sun isa: fari da rana, baƙi da dare, ruwan ganye mai duhu inda ƙananan kifayen rairayi suke.

Yadda ake janta

Jefa sama da inda kake zaton kifin yake, a karkace, ka bar ruwa ya gangaro da ita. Naɗe zaren da ya saki kawai. Ɗan fizga bakin sanda sau biyu, ka dakata daƙiƙa biyu ko uku. Yawancin kamu a cikin dakatawar nan yake zuwa. Da dare rage fizgar gaba ɗaya, ka naɗa a hankali har ka ji kamar ba ka yin komai.

Kifin yana zuƙo abinci ne, ta kai yake kamawa. Wani lokaci za ka ji ɗan ƙwanƙwasa, wani lokaci zaren ne kawai zai yi nauyi ko ya tafi gefe. Idan ka ga ruwa ya fashe a bayan robar, kada ka fizge don abin da ido ya gani. Jira sai ka ji nauyi a hannu, sannan ka ja sandar gefe da ƙarfi sau ɗaya.

In robar tana dawowa a guntule, an datse ta kamar da almakashi, ba mai ratsi ba ne, shuɗin kifin nan mai haƙora ne da ake kira bluefish. Zai ƙarar maka da leda guda cikin minti goma. Sauya wuri ko ka ɗaura abin ƙarfe.

Doka da sakin kifi

Tun 2023, a yawancin gaɓar Atlantika mai su na nishaɗi kifi ɗaya aka yarda ya riƙe a rana, mai tsawon inci 28 zuwa 31. Chesapeake tana da nata ƙa'idar, jihohi kuma suna sabunta tasu, don haka duba ta jihar kafin ka fita. Bayan mil 3 daga gaɓa, a ruwan gwamnatin tarayya, an hana kama shi. Ke nan yawancin abin da ka kama komawa zai yi. Matse ƙayar ƙugiya da filaya tun farko, jiƙa hannu, tallabe cikin kifin a kwance, ka kiyayi ƙayoyin bayansa. Riƙe shi cikin ruwa kansa na fuskantar igiya har ya fizge da kansa.

A gida ɗauraye ƙugiyoyi da sanda da abin naɗe zare da ruwan famfo, ka bar su su bushe. Kada ka mayar da robar da ta sha gishiri da ƙugiya a jikinta cikin leda, tsatsar za ta ɓata sauran. Robar kamfanin Z-Man mai talewa kuma a ajiye ta a ledarta ita kaɗai, don idan ta haɗu da ta gama-gari narkewa suke yi su manne.