Haɗa faifai biyu: a kan wane bugu DJ zai saki sabon kiɗa?

Daidaita saurin faifai biyu rabin aiki ne kawai. Kiɗan rawa irin su house da techno bugu huɗu-huɗu suke tafiya, kuma galibi sai bayan bugu 32 wani abu ke shigowa ko ya fita, murya ko bes, wato sauti mai kauri. Wannan ita ce gaɓa ɗaya. A saurin bugu 125 a minti, daƙiƙa 15 ce da 'yan kai.

Sa hedifon, ka nemo bugun ganga na farko a sabon faifan, ka dafe faifan da yatsa, bugun na daidai ƙarƙashin allura. Ɗaya kunnen ka bar shi ga lasifika. Da zarar sabuwar gaɓa ta fara a tsohon faifan da ke tashi a lasifika, soma ƙirga: 1-2-3-4, 2-2-3-4, har 8-2-3-4. A kan "ɗaya" mai zuwa za ka saki sabon faifan, da ɗan turi kaɗan don kada ya makara.

In ka ji gangunan suna kamar sukuwar doki, ɗayan ya riga ɗayan: taɓa gefen sabon faifan ka rage masa gudu, ko ka ɗan tura shi. In sun sake rabuwa, saurin ne bai daidaita ba. Gyara da sandar sauri, wadda a na'urar juya faifai ta Technics SL-1200 ke ƙara ko rage kashi 8 cikin ɗari.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne sakin faifai a tsakiyar gaɓa. Ganguna za su hau juna daidai, amma murya ta faɗo kan murya. Kada ka yi faci. Mayar da faifan baya, ka jira gaɓa ta gaba. Rufe bes ɗin sabon faifan tun farko, sai a "ɗaya" ka buɗe shi, ka rufe na tsohon lokaci guda.