Ga masu fama da ƙafa mai hana barci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata yayata a Gusau ta daɗe tana kukan cewa da ta kwanta sai ta ji kamar kiyashi na yawo cikin ƙwaurinta, dole sai ta motsa ƙafar ko ta tashi ta zaga tsakar gida kafin ta samu sa'ida. Da rana lafiya lau. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sanyi. Ashe ciwo ne sananne, likitoci na kiransa cutar Willis-Ekbom.

Abin da za ku fara nema a asibiti shi ne gwajin feritin, wato ma'ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki. Yana iya yin ƙasa ko da an ce jininku ya isa, kuma ƙarancinsa na taɓa aikin dofamin, wani sinadari mai taimakawa wajen sarrafa motsin jiki, a ƙwaƙwalwa. Masu juna biyu, musamman a watanni uku na ƙarshe, da masu ciwon ƙoda sun fi gamuwa da wannan ciwon. Na masu ciki yakan tafi bayan haihuwa.

Goro, shayi da kofi a rage su daga la'asar, na san wannan zai yi wa dattawanmu wuya. Piriton da ake sha don mura ma yana tsananta ciwon ƙafar. A riƙa cin hanta, wake da zogale, a matsa lemun tsami a kai. Kafin kwanciya a gasa ƙafa da ruwan ɗumi a yi tausa.

Kada a sayi maganin ƙarin jini a kemis sai an yi gwajin, yawansa ma illa ne.